Inda Zuciya Take Komawa

Ƙannena maza da mata, akwai tambayar da nake so kowannenku ya yi wa kansa, ya amsa a ransa. Idan ba abin da kake yi, kana zaune a adaidaita sahu cikin cunkoso, ko kina wanke-wanke bayan an ci abincin dare, ko ka kwanta ka kashe fitila barci bai zo ba, ina zuciya take tafiya? Ba wanda ya aike ta, ita ke kai kanta. Wani tasa tana komawa kan wata magana da aka yaɓa masa shekara uku da suka wuce, ya yi ta shirya amsar da ya kamata ya bayar. Wata tata tana lissafin ƙawayen da aka sha bikinsu ita tana gida. Wani kuma yana hango kansa nan da shekara goma, har yanzu yana yawo da takardu a leda ofis-ofis. Akwai kuma waɗanda tasu ke tafiya wajen wani abin dariya da ƙanensu ya yi da safe, ko dabarar ƙara jari, ko ta zauna shiru lafiya lau. Wannan wurin da zuciya ke komawa da kanta shi ne mazauninta. Shi ke yanke yadda rayuwar mutum za ta ɗanɗana a bakinsa, fiye da ranar biki ko ranar makoki, domin waɗannan ranaku kaɗan ne, sauran kuwa Talata ne da Laraba da ba abin da ya faru a cikinsu.

Kada ku raina lokacin da ake shafewa a wannan mazauni. A 2010 wasu masana biyu na Jami'ar Harvard, Matthew Killingsworth da Daniel Gilbert, sun bi mutum 2,250 ta wayar hannu, suna aika musu tambaya a lokuta daban-daban: me kake yi yanzu, me kake tunani, yaya kake ji? Suka tarar a kusan kashi 47 cikin 100 na lokutan, hankalin mutane ba ya kan abin da hannunsu ke yi. Suka kuma ga cewa idan hankalin ya tafi kan abu marar daɗi, ko ma abin da ba daɗi ba ɗaci, mutum ya fi jin ƙunci a kan lokacin da yake tare da aikin da ke gabansa. Kusan rabin farkawarka ke nan. Wanda zuciyarsa ta saba sauka gidan baƙin ciki, a can yake cinye rabin kwanakinsa, ko da kuwa yana cikin mota mai sanyi.

Na san wasunku sun riga sun ce a ransu, "Malam, ka san kuɗin kwanon shinkafa kuwa?" Na sani. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024, kuma hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a Disambar shekarar hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100. Akwai garuruwan da noma ya gagara saboda 'yan bindiga. Akwai wanda ya gama hidimar ƙasa shekara biyar, har yau mahaifiyarsa ke ba shi kuɗin mota. Duk wanda ya ce muku ku yi murmushi kawai komai zai wuce, bai girmama wahalarku ba. Amma akwai ƙuncin da ke zuwa da dalilinsa, ya tafi idan dalilin ya tafi, akwai kuma wanda ya daɗe yana zuwa har ya tare, ya daina jiran dalili. Gane shi ba wuya, ka dai lura da abin da yake yi wa labari mai daɗi. Yaro ya samu gurbin karatun da ya shekara biyu yana nema, kafin la'asar ya koma cewa ai ko an gama ba aiki. An kira shi aiki, tun bai karɓi albashin farko ba ya lissafa ya ga ba zai kai ko'ina ba. Farin cikinsa ba ya kwana, baƙin cikinsa yana shekara. A kan wannan nake magana, domin ko gobe farashi ya sauko, shi ba zai tattara ya tafi ba.

Asalin abin ba laifin mutum ba ne. Haka aka halicce mu, mummunan abu ya fi kama zuciya. Ki dubi yarinyar da ke koyon ɗinki ana gab da sallah. Mata tara sun karɓi kayansu sun yaba, har wata ta ƙara mata tukwici. Ta goma ta ɗaga rigar ta yatsina fuska, ta ce hannun ya matse ta, "da ma an ce mini ba ki ƙware ba." Da dare idan yarinyar ta kwanta, muryar wa za ta ji? Taran nan duk sun ɓace, saura mai yatsina. Masanin halayyar ɗan Adam Roy Baumeister da abokan aikinsa sun tattara bincike masu yawa a 2001, suka ga kusan ko'ina haka abin yake: zafin asarar kuɗi ya fi daɗin samun daidai wannan kuɗin, suka ta fi yabo daɗewa, kyakkyawan suna yana da wuyar ginuwa da saurin rushewa. John Gottman, wanda ya shafe shekaru yana nazarin ma'aurata a Amurka, ya lura cewa auren da ke ɗorewa shi ne wanda ko ana cikin saɓani ake samun kyakkyawar mu'amala kamar biyar a madadin kowace mummuna ɗaya. Akwai hikima a wannan halitta. Wanda ya ji motsi a ciyawa ya daka tsalle, in ƙadangare ne bai yi asarar komai ba. Wanda ya ce ai ƙadangare ne alhali kububuwa ce, ba zai ba da labari ba. Tsoro yana tsare rai. Sai dai ka riƙe wannan: idan da dare zuciya ta ce maka yau ranar banza ce, shaida ce ta wanda ya ga abu goma ya riƙe ɗaya.

Sai maimaici ya zo ya ƙarasa aikin. Duk wanda ya tashi a lungu ya san halin ruwan sama. Inda ya bi bara nan zai bi bana, kowane ruwa yana ƙara zurfafa hanyar, har wata rana ta fara cin gindin katanga. Mutanen unguwa masu lura ba sa jira sai ana tsuga ruwa su fito da shebur, tun rani suke jera buhunan yashi su haƙa masa wata hanyar. Tunani ma haka yake. Duk lokacin da ka sake bin wata damuwa daga farko har ƙarshe, ka sauƙaƙa wa zuciya komawa can gobe, kuma ba a tsakiyar ɓacin rai ake gyaran ba.

Fiye da shekara dubu da suka wuce wani malami ya yi wannan bayani dalla-dalla. Abu Zaid al-Balkhi, wanda aka haifa wajen 850 a yankin Balkh cikin Afganistan ta yau, ya yi karatu a wajen al-Kindi a Bagadaza, ya rasu a 934. Ya rubuta littafi mai suna Masalihul Abdani wal Anfus a kan kula da lafiyar jiki da ta rai, kuma marigayi Farfesa Malik Badri na Sudan ya fassara sashen da ya shafi rai zuwa Turanci a 2013. Al-Balkhi ya lura cewa mutum na iya daɗewa jikinsa bai yi ciwo ba, amma da wuya ya yini fushi ko tsoro ko baƙin ciki bai taɓa shi ba, don haka kula da rai bai kamata ya zo a baya ba. Shawararsa ita ce mutum ya tanadi lafiyayyun tunani tun yana cikin natsuwa, yadda ake ajiye magani a gida saboda ciwon da kan zo ba sallama. Ina ganin wannan shawara ta fi yawancin abin da ake faɗa wa matasa a yau amfani, in dai an fahimci me ake tanada. Maganganun ƙarfafa gwiwa da ake turowa a waya ba sa tsayawa da mutum ranar da abin ya taso, saboda ba nasa ba ne. Abin da ke tsayawa shi ne tarihinka na gaskiya: shekarar da ka faɗi jarrabawa ka zaci ta ƙare, ga shi ka wuce wurin, ranar da Inna ta kwanta asibiti ba ko sisi, wani maƙwabci ya zo da kuɗi ba a roƙe shi ba, abin da ka iya da hannunka wanda bara ba ka iya ba. Ka zauna ranar da ranka ke sanyi ka rubuta su. Ranar da zuciya ta ce ba wanda ya taɓa tsaya maka, kana da sunan da za ka amsa mata da shi.

A shekarun 1960 wani likitan ƙwaƙwalwa a Amurka, Aaron Beck, wanda ya rasu a 2021 yana da shekara 100, ya gano wani abu a wajen majinyatansa masu ciwon damuwa. Tsakanin abin da ya faru da ɓacin ran da ya biyo baya, akwai wata 'yar magana da ke wucewa a zuciya da sauri, mutum bai ma lura da ita ba, balle ya tuhume ta. Ga misali kusa. Ka aika wa wani yayanka saƙo a WhatsApp kana neman ya sa maka baki a wani aiki. Alama ta nuna ya karanta. Awa ɗaya, awa uku, shiru. Abin da ya faru guda ɗaya ne tak, ya karanta bai amsa ba. Amma ka dubi abin da aka saƙa kafin magariba: ya raina ni, da ma tun da ya samu kuɗi ya canza, duk dangin nan ba mai ƙaunata, ni haka zan ƙare. Daga saƙo ɗaya an yanke wa dangi gaba ɗaya hukunci, an yanke wa shekara arba'in masu zuwa.

Abin da Beck ya koya wa majinyatansa shi ne su kama wannan magana su rubuta ta, sannan su yi mata tambayoyi. Mene ne shaidata? Wane dalili ne kuma zai iya sa ya yi shiru? Ƙila yana tuƙi, ƙila yana taro, ƙila ya tambaya an ce babu, yana jin nauyin gaya maka. Da abokina ne ya zo mini da wannan labari, haka zan ce masa, danginka duk ba sa ƙaunarka? Ka riƙa sa kunne ga kalmomi irin su "kullum" da "ba wanda" da "ba zan taɓa ba", domin da wuya su shigo magana ba su zo da ƙari ba. Yana yiwuwa kuma da gaske yayan naka ya share ka ne. To sai ka ji zafin abin da ya faru daidai girmansa, mutum ɗaya ya ƙi amsa saƙo ɗaya, ka nemi wata ƙofar. An koya mana kyautata zato ga Allah da kuma ga mutane tun muna makarantar allo. Abin da ba a cika gaya mana ba shi ne kyautata zato aiki ne da ake koyo, ana yi ana kuskurewa ana sakewa, har ya zama shi ne ke fara zuwa.

Saƙa da warwara a kan abin da ya wuce kuwa, tana da wata yaudara: mai yin ta yana jin kamar aiki yake yi, kamar in ya sake bi sau ɗaya zai gano bakin zaren. Ya zo a Sahihu Muslim cewa Manzon Allah (SAW) ya hana mutum zama yana cewa da ya yi kaza da kaza ya faru, domin wannan ƙofa ce ta Shaiɗan. Ka gwada tunanin da abu ɗaya: shin yana ƙarewa da wani abin da zan tashi in yi? In akwai wanda za ka bai wa haƙuri, ko bashin da za ka biya, ko darasin da za ka riƙe, tashi ka yi. In babu, to ka miƙe daga wurin da kake zaune, ka yi alwala, ka ɗauki tsintsiya ko ka fita ƙofar gida. Da wuya a kori tunani da tunani mutum yana kwance.

Zuciya kuma ba ita kaɗai take wannan zance ba, tana da masu taya ta. Wata rana ku saurari majalisarku kamar baƙi. An zauna teburin mai shayi bayan isha'i, wani ya ce garin ba daɗi. Na kusa da shi ya ce ai ba ka ga komai ba, ya kawo nasa labarin da ya fi muni. Na uku ya ce ƙasar nan ta gama lalacewa, in ba ka da uwa a gindin murhu ko me ka karanta a banza. Kafin a tashi an yi gasar wanda ya fi shan wuya, kuma wanda ya ce shi kam ya hango wata 'yar dama, sai a dube shi kamar yaro, a ce bai san rayuwa ba tukuna. Wannan ya fi komai damuna a cikin al'amarin nan. Yanke ƙauna ya zama alamar wayewa a tsakanin matasa, mai cewa ba za ta taɓa gyaruwa ba shi ne mai ido buɗe, mai fata shi ne sakarai. Alhali yanke ƙauna ba ya buƙatar ilimi ko jarumta. Wanda ya ce ba za ta yiwu ba ya sauke wa kansa nauyin gwadawa, in abin ya lalace kuma ya ce da ma na faɗa. A Sahihu Muslim ɗin dai an ruwaito gargaɗi ga mutumin da ke yanke wa jama'a hukuncin sun halaka, cewa shi ne ya fi su halaka. Annabi (SAW) ya hana camfi, ya so kyakkyawar kalmar da mutum zai ji ta ƙarfafa masa fata.

Ku dubi yadda magabata suka tsara mana gaisuwa. Ina gajiya, ba gajiya. Ina aiki, da godiya. Ina labari, sai alheri. Na ji matasa suna cewa wannan ɓoye gaskiya ce, yaya tsohuwar da ba ta ɗora tukunya ba za ta ce sai godiya? Ni a ganina horo ne. Tsohuwar ta san halin da take ciki fiye da kowa, kuma in ka zauna za ta gaya maka, amma ba ta yarda wahala ta zama kalmar farko da za ta fito daga bakinta da safe ba. A 2003 mujallar New Scientist ta buga sakamakon wani bincike da aka yi a ƙasashe sama da 65, inda Nijeriya ta zo ta ɗaya wajen yawan masu cewa suna cikin farin ciki. Wanda ya yi wayo a lokacin ya san ba wadata ake ciki ba, ana ɗauke wuta, ana layin mai, ana bin albashi. Aljihu da zuciya ba kullum suke tafiya tare ba. Ban ce kada a yi kuka ba. Kuka yana da wurin kaiwa, wajen wanda zai iya gyarawa ko wanda zai iya rarrashi. Amma kukan da aka kai wa mutane guda sau goma, kowa ya ƙara nasa, an tashi ba a yanke komai ba, bai rage wa kowa nauyi ba. In an gama faɗa, wani ya daure ya ce, to yanzu me za a yi? In majalisar ba ta ɗaukar wannan tambaya, ka rage zama.

Majalisar da ta fi kowace tsawo yanzu tana cikin aljihu. Abu na ƙarshe da ido ke gani kafin barci shi ne bidiyon gawawwakin da aka turo daga wani hari, sai hoton lefen wata, sai wani sa'anka a jikin sabuwar mota. Tsoro da kwatance ke nan a zama ɗaya. A Janairun 2012 kamfanin Facebook ya yi wani gwaji na mako guda a kan mutum 689,003, aka rage wa wasu rubuce-rubuce masu daɗi da suke gani, wasu aka rage musu marasa daɗi. Da aka buga sakamakon a 2014, sai aka ga waɗanda aka rage wa masu daɗi su ma kalamansu sun ɗan karkata ga ɓacin rai. Canjin kaɗan ne, amma na mako ɗaya ne, kai kuwa shekaru kake yi a ciki. An hore mu da mu dubi na ƙasa da mu a sha'anin duniya don kada mu raina ni'imar da ke hannunmu, wayar kuwa aikinta nuna maka na sama, kuma a ranar da ya fi kyau, bayan ya zaɓi hoto ɗaya cikin ashirin. Ga kuma barcin da take ci. Wani bincike na Matthew Walker da abokan aikinsa a 2007 ya nuna cewa bayan kwana ba barci, sashen ƙwaƙwalwa mai kula da tsoro da fargaba yana zabura da ƙarin kusan kashi 60 cikin 100 idan an nuna wa mutum hotuna masu tayar da hankali. Sau da yawa wanda ya wayi gari yana jin duniya ta juya masa baya, ƙarfe biyu ya kwanta. Ki sa wayar caji nesa da shimfiɗa. Kada ka buɗe bidiyon gawa, kada ka tura wa wani. Labarai sau ɗaya ko biyu a yini sun ishe ka sanin halin da ƙasa ke ciki.

Alhamdulillahi muna faɗinta sau da yawa a yini, amma sau nawa zuciya ke ganin wani abu takamaimai lokacin da baki ke faɗi? A 2003 Robert Emmons da Michael McCullough sun raba ɗalibai gida uku. Na farko kowane mako su rubuta abu biyar da suke godiya a kai, na biyu abu biyar da suka dame su, na uku abu biyar da suka faru kawai. Bayan mako 10, 'yan rukunin godiya sun fi jin daɗin rayuwarsu, sun fi kyakkyawan fata ga makon da ke tafe, sun kuma fi ƙarancin koke-koken jiki. Ku lura da rukuni na biyu, domin aikin da aka ba su shi ne wanda da yawanmu muke yi kullum ba a sa mu ba. Godiyar da ke aiki ita ce mai suna: yau ruwan famfo ya zo, Baba ya ci abinci sosai, mai shago ya ɗaga mini ƙafa har ƙarshen wata. In akwai hannun mutum a ciki, ka je ka gaya masa.

Jiki ma yana da hakkinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, tafiya da sauri ma ta wadatar. Kada ka jira sai ka ji sha'awa sannan ka fita, sha'awar tana biyo bayan fitar ne. Kuma ka fita wajen mutane. Binciken da Jami'ar Harvard ta fara tun 1938, wanda ya bi rayuwar maza 724 har tsufansu, ya nuna kyakkyawar alaƙa da mutane ta fi dukiya da suna tasiri ga jin daɗi da lafiya. Mu muna da wannan a gida, sunansa zumunci, kuma ƙunci abu na farko da yake sa mutum shi ne rufe ɗaki. Je ka gai da gwaggo, raka aboki dubiya, koya wa yaron maƙwabta lissafi.

Kada ku sa ran ganin canji a mako guda. Phillippa Lally da abokan aikinta a Landan sun bi mutum 96 da ke ƙoƙarin kafa sabuwar al'ada, suka ga matsakaicin lokacin da take ɗauka kafin ta zauna kwana 66 ne, wasu 18, wasu har 254, kuma tsallake rana ɗaya bai rushe aikin ba. Akwai kuma gado a cikin hali, wani an haife shi mai fara'a, wani mai zurfin ciki, ba a ce kowa ya zama mai barkwanci ba. Abin da ke canzawa shi ne tsawon zaman. Maganar da a da take cinye maka kwana uku, sai ka ga ta sake ka kafin azahar.

Saura abu ɗaya mai nauyi. Baƙin ciki ba raunin imani ba ne. Annabi Yaƙub (AS) ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusuf har idanunsa suka yi fari. Manzon Allah (SAW) ya zubar da hawaye a rasuwar ɗansa Ibrahim, kuma shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu har yau ana kiran ta shekarar baƙin ciki. Al-Balkhi ma ya bambanta baƙin cikin da aka san dalilinsa da wanda ke sauko wa mutum haka kawai ya hana shi jin daɗin komai, ya ce wannan na biyun yana da nasaba da jiki, yana buƙatar magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu ciwon damuwa sun kai kusan miliyan 280 a 2019. Idan ka yi mako biyu ko fiye kusan kullum cikin ƙunci, abin da kake so a da ya fita daga ranka, barci da cin abinci sun rikice, kana jin ba ka da amfani, ko tunanin mutuwa na zuwa maka, to abin ya wuce nasiha, na likita ne, a haɗa da addu'a. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, akwai na Dawanau a Kano, kuma asibitocin koyarwa suna da wannan sashe. Zuwa can ba hauka ba ne. A Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, don kare mutuncin masu neman irin wannan magani.

Na kusa da mai ciwon ma yana da abin yi. A Harare ta Zimbabuwe, likita Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a benci a harabar ƙananan asibitoci, su saurari masu damuwa, su taya su warware matsala ɗaya bayan ɗaya. A gwajin da aka buga a 2016 kan mutum 573, bayan wata shida kusan kashi 14 cikin 100 ne kawai na waɗanda suka zauna da kakannin ke da alamun ciwon damuwa, a cikin waɗanda ba su zauna da su ba kuwa kusan rabi. Don haka idan abokinka ko ƙawarki ta ce ta gaji da rayuwa, kada amsar ta zama "ke dai ki yi haƙuri" a wuce wurin. Ki zauna, ki bar ta ta gama magana ba tare da wa'azi ba, ki tambaye ta kai tsaye ko tana tunanin cutar da kanta. In ta ce e, kada ki bar ta ita kaɗai, ki sanar da wani babba da kuka amince da shi a gidan, kuma ranar zuwa asibiti ki raka ta ki yanka mata kati.